Rubutun Uwata, Sunan Wata

A shafi na arba'in da uku na wuce tashata. Na ji an faɗi sunanta a lasifika, na ga ƙofofin jirgin ƙasan sun buɗe sun kuma rufe, amma na kasa tashi. Yatsana yana kan layi ɗaya, ina bin sa ina komawa kamar mai koyon karatu.

"Gam ya cinye zanen yatsuna. Da na je ofishin baƙi in dangwala, ma'aikacin ya danna mini yatsa sau huɗu bai ga komai ba. Ya ce, ke kam ko sata kika yi ba mai kama ki."

Na san wannan maganar. Na ji ta ya fi sau ɗari a bakin uwata, tana faɗa tana dariya, tana nuna mana yatsun nan nata masu santsi kamar an goge su da dutse. Shekara talatin ta yi tana manna takalman roba a wani ɗaki marar taga a unguwar Ikuno, nan cikin Osaka, inda mu 'yan asalin Koriya muka fi yawa.

Na juya bangon littafin. Sunansa Warin Gam, marubuciyarsa Kuramochi Saeko. An ɗaura masa jar takarda mai shelar babbar lambar yabon da ya ci. Labarin wata tsohuwa ce 'yar Koriya da ta koyi rubutu bayan ta haura sittin, ta rubuta rayuwarta, ta yi ta yawo da ita kamfanonin buga littattafai suna korarta saboda sunanta. Jaridu sun ce ba a taɓa tona asirin wariyar da ke cikin harkar littattafai a Japan kamar haka ba. Suka ce abin mamaki shi ne yadda 'yar Japan ta ƙirƙiro muryar tsohuwar da ba ta yi makaranta ba, har da tuntuɓen harshenta.

'Yata Mizuho ce ta ba ni shi da safen nan.

"Mama, sai kin karanta wannan. Mamar Yoshiki ce ta ara mini, ta ce kwana biyu ta yi tana kuka."

Yoshiki shi ne saurayin da za ta aura, saura mako bakwai. Shi ya san asalina. Iyayensa, tsohon gida ne a garin Nara, ba su sani ba. A wurinsu ni Nagai Sadako ce, matar Nagai Osamu, kuma haka yake a takarda tun shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da na yi aure na karɓi takardar zama 'yar ƙasa. Sunan da uwata ta raɗa mini Jong-hi. Mutum biyu kaɗai suka rage a duniya da suke kirana da shi.

*

Ban je aiki ba ranar. Na koma gida na zauna a kicin da jakata a kafaɗa, na ci gaba.

An canza sunaye, an canza sunan titi, amma ba a canza komai ba. Ga injin ɗinkin da aka ɗauko daga bola. Ga ubana da kwalbarsa. Ga tukunyar miyar ganyen teku da Omoni, haka muke kiran uwa a gidanmu, take dafa wa duk matar da ta haihu a layinmu. Har kurakuran Omoni suna nan: yadda take sa ƙarshen magana a farko, da kalmomin da harshenta ya ƙi lanƙwasawa har tsufa.

A shafi na ɗari da goma sha biyu na gamu da kaina.

Ina aji huɗu a firamare aka yi ranar da iyaye ke zuwa kallon darasi. Na ɓoye takardar gayyatar, amma maƙwabciya ta faɗa mata. Ta zo da rigar aikinta, warin gam ya riga ta shiga aji. Yarinyar da ke kusa da ni ta tambaye ni wace ce wannan, na ce mai yi mana aikin gida ce. A hankali na faɗa. Shekara arba'in da wani abu ina zaton ni kaɗai da yarinyar muka san wannan.

Littafin ya ce: "Na ji ta. Japananci na ba shi da kyau amma wannan na gane. Na tsaya har aka gama darasi don kada ta zama maƙaryaciya a gaban ƙawarta, na rusuna mata kamar yadda 'yar aiki ke yi, na fita."

Na tuna rusunawar. A lokacin na ɗauka malami take gaisarwa.

Na tashi na wanke fuskata, na dawo. A shafi na ɗari da sittin na karanta abin da ba a taɓa faɗa mini ba. Omoni ta baro tsibirin Jeju na Koriya tana da shekara goma sha takwas, a ƙarƙashin wani jirgin kamun kifi, wannan na sani. Abin da ban sani ba, akwai jaririya a hannunta. Da jirgin masu gadin teku ya matso, mutanen da ke ɓoye tare da ita suka ce ta hana yarinyar kuka. Ta danna fuskarta a ƙirjinta har jirgin ya wuce. Da ta ɗago ta, ba ta sake kuka ba.

Ina da yaya mace. Daga littafin da aka ara wa 'yata na sani, bayan mutum dubu ɗari huɗu sun riga ni sani.

*

Washegari na sauka a tashar Tsuruhashi na kutsa cikin kasuwa. Yayana Sang-do yana shagonsa, hannayensa cikin safar roba har gwiwar hannu, yana cuɗa kabeji da barkono a babbar roba, yana haɗa kimci, abincinmu na Koriya da yake sayarwa. Bai taɓa canza sunansa ba, bai taɓa barin unguwar ba.

"A'a, yau uwargida Nagai ce a kasuwarmu?" ya ce ba tare da ya daina cuɗawa ba. "Ki yi a hankali, kada tafarnuwa ta kama rigarki su gane ki a gida."

Na ajiye littafin a kan teburinsa. Ya kalle shi, ya kalle ni.

"Sai yanzu ya iso unguwar masu kuɗi? Wata biyar ke nan wata mai sayen kimci ta kawo mini."

"Ka sani, Yaya, ba ka faɗa mini ba?"

"Na kira ki sau biyu. Kin ce kina wurin gwajin rigar amarya."

Ya cire safar ya ja mini kujera da ƙafa. Ya tuna mini abin da na sani sama-sama: Omoni ta shiga makarantar koyon karatu ta manya tana da shekara sittin da biyar, ta yi shekara huɗu. Na san tana zuwa, ban taɓa tambayarta me take rubutawa ba.

"Littafi goma sha ɗaya ta cika, irin na 'yan firamare, da fensir," ya ce. "Ni nake fere mata fensirin. Wata 'yar jami'a da ke taimaka musu ta ce ta ba ta, za ta buga mata da na'ura ta dawo da su. Wannan ce. Kuramochi. Har shagon nan ta sha zuwa, na ba ta kimci kyauta, ta ce yaji ya yi mata yawa."

"Ka yi musu magana?"

"Na rubuta wa kamfanin. Suka aiko mini da takarda mai kyau, wai ƙagaggen labari ne, wai suna baƙin cikin ya tayar mini da hankali. Na samu lauya, yarinyar unguwar nan ce. Ta ce littattafan suna hannunsu, ba za su fito da su don Allah ba. Abin da ya rage mana bakin Omoni. A ɗauki muryarta a gaban lauya da likita, likita ya shaida cewa tana cikin hankalinta, ta ce ita ta rubuta, ta faɗi abin da ke ciki. In ba haka ba za su ce mu muka koya mata."

"To me ya hana?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

"Mun gwada sau biyu, amma tsufa ya fara cinye mata tunani. Ni da nake kai mata abinci kullum, mai shago take ce mini. Ta tambaye ni nawa ne kilo. Ke da kike leƙa ta sau ɗaya a wata, da kin shiga sai ta ce Jong-hi, kanta ya buɗe kamar an kunna fitila. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma abin yana ci mini rai." Ya share hannunsa da tsumma. "Likita ya ba mu ranar Alhamis mai zuwa. Kuma akwai ɗan jarida da ke jira. Zai zo da sunanmu duka, ni da ke."

"Ɗan jarida?"

"To a ɗaki za mu ajiye muryar muna saurare? Ke, kin karanta na jaririyar?"

Na ɗaga kai.

"Ni ma ban sani ba," ya ce, ya mayar da safarsa. "Shekara hamsin da tara ina cewa ni ne ɗan fari."

*

Kuramochi Saeko ta zo Osaka ranar Asabar, wani babban kantin littattafai ya gayyace ta. Na tsaya a layin masu neman sa hannu. Mace ce siririya, ba ta wuce arba'in ba, da gajiya a ƙarƙashin idanunta. Da na iso ta ɗaga alƙalami.

"Wane suna zan rubuta?"

"Yang Mal-sun," na ce, sunan uwata.

Alƙalamin bai sauka ba. Ta dube ni da kyau, ta ce wa ma'aikacin kantin tana buƙatar hutun minti ashirin.

Muka zauna a wani lungun shan shayi a hawa na ƙasa. Ba ta musa ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

"Tana raye?" ta fara tambaya.

"Tana raye, Malama. Kin ɗauka ta mutu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ki bari in faɗa miki yadda aka yi, sannan ki tsane ni. Na buga su da na'ura kamar yadda na yi alkawari. Na kai su kamfani shida da sunanta a jiki. Na farko suka ce wannan ba adabi ba ne, shaida ce, in kai wa ƙungiyoyin taimako su buga kwafi ɗari uku. Na biyu suka ce sun buga na wani ɗan Koriya bara, ya ishe su na ɗan lokaci. Wani edita ya ce da an ga sunan nan a bango za a kai shi lungun da ba mai zuwa. Duk abin da kika karanta a babin ƙarshe, ni aka faɗa wa, da kunnena. Kunya ta hana ni komawa in ce mata ba wanda yake so. Shekara goma sha biyu suna cikin akwati. Sai wani edita ya gani ya ce, ki rubuta shi ke, a matsayin labari."

"Ba ki rubuta ba. Kwashewa kika yi. Har kurakuranta."

"Na gwada gyarawa. Duk inda na gyara sai ya mutu."

"Shi ya sa kika bar su suna yabonki a kan kin ƙirƙiro muryarta."

"Mutum dubu ɗari huɗu sun san abin da ta sha," ta ce. "Ana karanta shi a makarantu. Da sunanta, wa zai buɗe shi? Ba ina cewa daidai na yi ba. Ina cewa ƙofa ɗaya ce a buɗe."

"Ƙofar taki ce. Ita tana waje." Na dire kofin shayina. "Akwai abin da ta rubuta wanda ba ta faɗa wa 'ya'yanta ba. Kin tambaye ta ko tana so duniya ta ji?"

Ta kau da kai.

"Ki ba ni littattafan, Malama. Ba na son komai naki. Ki ba ni su, ki faɗi sunanta sau ɗaya a gaban mutane tun tana iya ji. Roƙonki nake."

"Ba sa hannuna. Tun da yayanki ya rubuto, lauyoyin kamfani suka karɓe." Ta juya cokali a cikin shayin da ba ta sha ba. "Ke ce yarinyar ranar makaranta, ko?"

Na mayar da idona kan teburi.

"Wane suna kike amfani da shi yanzu? Ba barazana nake miki ba. Ni da nake 'yar ƙasar nan, don kawai na yi rubutu a kanku, sai da na canza gida. Sun sa hoton ƙofata a intanet. Ki yi tunanin abin da za su yi wa wanda aka ce ya fito neman rabo a littafin da ya ci lamba, kuma ɗan Koriya. Kina da 'ya'ya?"

Ma'aikacin kantin ya leƙo yana nuna agogo. Ta tashi ta rusuna mini sosai, ta daɗe a haka, sannan ta koma wurin masu jiranta.

*

Na faɗa wa Mizuho da Osamu ranar Lahadi bayan abincin rana. Na faɗi komai, har ranar makaranta. Mizuho ta yi kuka don kakarta. Da na zo kan ɗan jarida sai kukan ya tsaya.

"Yaushe?"

"Alhamis za a ɗauki muryar."

"Kawu ba zai jira ba, kin san shi. Da ya riƙe ta a hannu, washegari tana jarida." Ta kama hannuna. "Mama, mako shida ne. Baban Yoshiki ya fasa auren 'yar ƙanensa saboda abin da bai kai wannan ba. Yoshiki ya ce zai faɗa musu da kansa bayan biki, a hankali. Don Allah."

"Mamarsa ba ta yi kwana biyu tana kuka a kan littafin ba?"

"Kuka a kan littafi daban, Mama. Ke ma kin sani."

Na dubi Osamu. Mutumin kirki ne, bai taɓa goranta mini asalina ba, bai kuma taɓa ambatarsa ba.

"Shekara goma sha wani abu abin ya jira," ya ce yana kallon teburi. "Mako shida ba zai canza komai ba."

Mizuho ta ce, "Ni ban zaɓi wannan ba. Ke kika ɓoye, ke kika koya mini ɓoyewa. Yanzu da ya rage kwana arba'in za ki buɗe a kaina?"

Gaskiya ta faɗa.

Na kira Yaya na ce a ɗaga zuwa bayan biki. Na roƙe shi, in ya yi alkawarin riƙe muryar har mako shida, zan zo Alhamis.

"Ba zan yi alkawarin ɓoye uwata ba," ya ce. "Wannan aikinki ne, kin fi ni iyawa. Kin san me likita ya ce? Kanta kamar ƙanƙara ne a rana. Bikin da ba a gayyace ta ba shi za ta jira?"

Ya kashe wayar.

*

Ranar Alhamis ɗin ban je ba. Ranar Juma'a na je ni kaɗai.

Gidan kula da tsofaffin yana bayan kasuwa. Na same ta a bakin taga an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Ta juyo, fuskarta ta washe.

"Jong-hi. Kin rame. Mijin naki ba ya ba ki abinci ne?"

"Yana ba ni, Omoni."

"Abincinsu ba gishiri ba yaji, ina za ki yi ƙiba."

Ranar kanta garau yake. Ta tambayi Mizuho, ta tuna shekarar haihuwarta. Ta yi mini tsegumin matar gadon kusa da ita. Littafin yana cikin jakata, na sa hannu na taɓa shi sau uku, na kasa fito da shi. In na buɗe shi sai mun bi ta shafi na ɗari da goma sha biyu.

Ina ɓare mata lemo ta ce, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta:

"Malamar nan ba ta dawo mini da littattafaina ba. Goma sha ɗaya. Na uku ne ya fi kyau, a nan hannuna ya fara daidaita. Na so ki karanta bayan na tafi, ke kin fi yayanki haƙurin karatu. Akwai abin da bakina ya kasa faɗa muku."

Ba lauya a ɗakin, ba likita. Ni ce kawai da ɓawon lemo a cinya.

"Zan karɓo miki, Omoni."

"Kada ki yi mata faɗa. Yarinyar kirki ce, ita ta riƙe hannuna na rubuta sunana na farko. Wataƙila aiki ya yi mata yawa."

*

An yi biki a Nara cikin ruwan sama. Mizuho ta yi kyau. An faɗa wa dangin ango cewa kakar amarya ba ta da lafiya, kuma zuwa lokacin ba ƙarya ba ne: kwana tara kafin bikin zazzaɓi ya kwantar da Omoni, ya taɓa huhunta, ta yi mako guda a asibiti. Yaya bai zo ba.

A wurin cin abinci mamar Yoshiki ta matso kusa da ni, ta tambaya ko na gama littafin da ta ara wa Mizuho.

"Na gama."

"Ban san haka mutanen nan suka sha wuya ba, a nan kusa da mu. Da a ce tsohuwar nan da gaske take, da na so in riƙe hannunta."

Na ce mata littafi ne mai kyau. Ta zuba mini shayi.

*

Kwana huɗu bayan biki muka taru a ɗakin Omoni: ni, da Yaya, da lauya da 'yar na'urar ɗaukar murya, da likita tsaye a bakin ƙofa. Ta ragu ƙwarai. Rigar da na saya mata bara ta zama kamar ta aro.

Na durƙusa a gaban kujerarta.

"Omoni, ni ce. Jong-hi."

Ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo mai ladabi.

"Sannu da zuwa. Kin sha hanya?"

Na sake faɗin sunana da harshen Koriya, yadda take kirana in na yi nisa da gida. Na faɗi sunan layinmu. Na kama hannunta na ɗora a fuskata. Ta bar shi a nan don kada ta ba ni kunya.

Lauyar ta kunna na'urar ta faɗi rana da wuri, ta tambaye ta sunanta. Omoni ta dubi Yaya kamar shi zai taimake ta. Aka tambaye ta ko ta taɓa zuwa makaranta.

"Ni? Ina. Mu ba a sa mu ba."

"Ki karanta mata," Yaya ya ce da ni. Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin mako shida. "Karanta mata nata, wataƙila ta ji."

Na buɗe littafin. Na karanta mata ɗakin gam, na karanta injin ɗinki. Ta karkata kai tana saurare, da gaske take saurare, leɓɓanta suna ɗan motsi. Na ga lauyar ta matso da na'urar. Na tsallaka zuwa jirgin kamun kifi, na karanta har inda jaririyar ta yi shiru.

Hawaye ya gangaro a fuskar Omoni. Yaya ya dafa bayan kujera.

"Omoni," na ce, "kin san wannan labarin? Wa ya rubuta shi?"

"Baiwar Allah," ta ce. "Ta sha wuya. 'Yar ina ce?"

"Ke ce, Omoni. Ke kika rubuta, da fensir, littafi goma sha ɗaya. Ki tuna. Don Allah ki tuna, sau ɗaya kawai."

Ta yi 'yar dariya, ta kaɗa hannu kamar na zolaye ta. Ta miƙo hannu na ba ta littafin. Ta juya shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan hoton da ke bayan bango.

"Wannan ce ta rubuta?"

Ta shafa hoton da yatsa.

"Masu ilimi sun ji daɗi," ta ce. "Dubi yadda ta san ciwon mutane. In kun gan ta ku ce na gode."

Likita ya dubi lauya ya girgiza kai kaɗan. Na ji ƙarar maɓalli da ta kashe na'urar. Yaya ya fita, na ji takunsa a baranda har ya ɓace.

Omoni ta gyara littafin a cinyarta, ta sa gefen bargonta tana goge hoton a hankali, inda hawayenta ya ɗiga a fuskar matar.